Kafin a zuba lissafinku cikin kwamfuta, ku ce a karanta maku shi da Hausa

Duk wanda ya taɓa sa aka gina mashi gida ya san ranar da magini ke zuwa da igiya da turaku, ya zana fili, ya ce nan ɗaki, nan zaure, nan shago. Mai gida mai hankali ba ya fita kasuwa a ranar nan, tsayawa yake yi ya duba. Dalili kuwa, in aka sa ƙofar shago tana kallon lungu maimakon titi, ranar da ake zane a ƙasa da ƙafa kawai za a share layin a sake wani. Amma in an riga an ɗora bulo, sai dai rushewa, kuɗin siminti da na lebura kuma sun tafi ke nan.

To irin wannan rana tana nan ga duk wanda za a yi ma littafin lissafi cikin kwamfuta ko cikin wayar salula. Yanzu samari da ƴan mata da suka yi karatun kwamfuta suna shiga shaguna da ƙungiyoyin manoma da asusun mata, suna ba da shawarar a bar littafi da biro a koma na'ura. Abu ne mai amfani in an yi shi daidai, don lissafin da kan ci dare guda sai a gama shi kafin shayi ya huce. Sai dai kafin su fara aiki, su ma zane suke yi kamar magini, wanda masana ke kira tsarin bayanai. Wannan zane shi ne maganarmu ta yau, saboda a cikinsa ne ake samun kuskuren da ke jawo asara daga baya.

Mene ne tsarin bayanai?

Kwamfuta ba ta san kasuwa ba, ba ta taɓa zama ƙarƙashin rumfa ba. Abin da aka faɗa mata shi kaɗai take riƙewa. Saboda haka mai zanen sai ya jera mata abubuwan da za ta ajiye, kamar mai saye, da kaya, da bashi, da ranar biya. Sa'an nan ya nuna mata yadda suke haɗe da juna, wato wane ya ɗauki me, yaushe, bisa nawa. Daga ƙarshe ya kafa mata dokoki: wannan yana yiwuwa, wancan ba ya yiwuwa. In ya rubuta cewa kowane mai saye lambar waya ɗaya gare shi, ranar da wani ya zo da lamba biyu na'ura ba ta da wurin sa ta biyun. In ya rubuta cewa bashi sau ɗaya ake biyansa, wanda ya kawo rabi yau ya ce sauran sai kasuwa mai zuwa, na'ura za ta ɗauke shi ko dai ya biya duka, ko bai biya komi ba.

Matsalar ita ce wannan zane akwatuna ne da kibiyoyi, da guntayen kalmomin Faransanci ko Ingilishi. Sai a ajiye shi gaban Alhaji ko Hajiya a ce: «Ku duba, ya yi?» Mutum ya dubi takarda bai gane komi ba, kunya kuma ta hana shi faɗi gaban yaro, sai ya ce: «To, Allah shi sa albarka.» Shi yaron ya san na'ura amma bai san ciniki ba, ita Hajiya ta san ciniki ciki da waje amma ba ta san akwatunan ba. An rabu kowa yana tsammanin an fahimci juna.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, a wurin su kansu manyan malaman wannan ilimi, ku ne gwanayen aikin. Littattafansu sun nuna cewa mai sana'ar da ake yi ma zanen shi ne kaɗai zai iya tabbatar da zanen daidai ne ko ba daidai ba. Mai kwamfuta aikinsa ya tambaya, ya rubuta, ya maido a duba.

Inda dubarar ta fito

Wannan matsala ta riga ta sha ma Turawa kai tun shekaru da yawa. Cikin shekara ta 1970 wani Baturen Ingila mai suna Edgar Codd, da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fito da hanyar jera bayani cikin layuka da gidaje, kusan kamar shafin littafin bashi. Yawancin rumbunan bayani na bankuna da kamfanoni bisa wannan hanya aka gina su. Cikin 1976 kuma Peter Chen, haifaffen Taiwan, ya kawo zanen akwatuna da layukan da ke haɗa su. Shi kansa Chen, cikin 1983, ya yi wani rubutu yana nuna cewa zanen nan yana bin ginin jimla ne: sunaye su ne akwatuna, aikatau kuma shi ne abin da ke haɗa su.

Amma wanda ya ɗauki maganar baki ya mai da ita tushen aikin shi ne wani mutumin Holan mai suna Sjir Nijssen, wanda ya yi aiki da kamfanin Control Data a ƙasar Beljik cikin shekarun 1970. Hanyarsa an san ta da suna NIAM. Da farko harafin N sunansa ne, daga baya aka mai da ma'anarsa zuwa «harshen da mutane ke magana da shi», saboda mutane da yawa sun sa hannu cikin aikin. Nijssen ya koma koyarwa a jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya, inda ya haɗu da Terry Halpin. Cikin 1989 Halpin ya kammala digirinsa na dakta bisa wannan hanya, a shekarar kuma su biyu suka fito da littafi tare. Yau ana kiran hanyar ORM.

Halpin ya shimfiɗa matakai 7, amma na farkon shi ne ya fi shafarmu. Ya ce a fara da misalan da mai sana'a ya saba da su, kamar rasit ko shafin littafi, a karanta su da baki kamar mutum yana faɗa ma abokinsa ta waya, wanda ba ya ganin takardar. Wanda ke waya ba ya iya nuni da yatsa ya ce «wannan da wancan», dole ya faɗi magana cikakkiya. Wannan kuwa aiki ne da ɗan kasuwa ke yi kullum, in yana faɗa ma abokin cinikinsa na Damagaram ko na Tawa yadda kasuwa ta ci.

Yadda zaman yake kasancewa

Mu ɗauki misali. A ce wata mai saida hatsi da wake a kasuwar Maraɗi, ɗan ƙanwarta ya gama karatu yana so ya yi mata littafi cikin waya. Maimakon ya nuna mata akwatuna, sai ya ce:

«Inna, buɗe littafinki ki karanta mani layi ɗaya, kamar ina Yamai kina faɗa mani ta waya.»

Ta ce: «Mai fura ta ɗauki hatsi tiya 10 ran Litinin, ta ba da ɗari huɗu, saura ɗari takwas.»

Sai ya tsinka maganar ƙanana-ƙanana, kowace jimla da batu ɗaya: mai fura ta ɗauki bashi; bashin na hatsi ne; yawansa tiya 10; ran Litinin aka ɗauke shi. Ta ce haka ne. Daga nan ya fara karanto mata dokokin da ya yi niyyar sa ma na'ura.

«Kowane bashi, wanda ya ɗauke shi shi ke biyansa. Haka ne, Inna?»

«A'a ɗana. Wani lokaci ɗiyarta ke kawowa, wani lokaci mijinta. Akwai wadda ɗanta ke aiko mata daga Abijan, kai tsaye wurina kuɗin ke zuwa.»

«Kowane bashi da kuɗi ake biyansa?»

«Ina! Mutanen ƙauye in kaka ta yi, da wake suke biyana.»

«Kowane mai saye yana da sunan da ba na kowa ba?»

Sai ta yi dariya. Masu suna ɗaya sun fi biyar cikin littafinta, da unguwa ko da sana'a take rarrabe su. Akwai kuma wanda ba ta taɓa faɗin sunansa ba, saboda sunan ɗanta na fari gare shi, da laƙabi ta rubuta shi.

Cikin tambaya uku an gano kuskure uku, kuma ba a kashe ko dala ba. Lura da yadda Inna ke amsawa: ba ta cewa «a'a» kawai, misali take kawowa. Wannan shi ne rabi na biyu na hanyar. Bayan an karanta doka da baki, sai a gwada ta da misalan gaske, a kuma nemi misalin da zai karya ta. Mai zanen yana tambaya: zai yiwu mutum biyu su biya bashi ɗaya? In an taɓa yi ko sau ɗaya ne, dokar ta faɗi, sai a sake ta.

Akwai ƙananan kalmomi da ya kamata a kasa kunne gare su a irin wannan zama, don a kansu dokokin ke tsaye. «Ɗaya tak» dabam yake da «ɗaya ko babu», kuma dukansu dabam suke da «ɗaya ko fiye». Kowane ciniki yana da dillali ɗaya tak? Ko kuwa akwai cinikin da babu dillali, akwai kuma wanda dillalai biyu ke raba la'ada? A kasuwar dabbobi wannan tambaya kuɗi ce tsaba. In wanda ke fassara maku daga Faransanci ya haɗe kalmomin nan wuri guda, ku tsai da shi ya warware.

Akwai kuma maganar da ba ta tsinkuwa. In yaro ya rubuta «hatsi farashinsa kaza», ya yi kuskure, domin kun san farashi yana tafiya da kasuwa, da rana, da kuma ko sari ne ko tiya-tiya. Jimlar gaskiya doguwa ce: kaya kaza, a kasuwa kaza, ranar kaza, bisa ma'auni kaza, kuɗinsa kaza. In aka cire ɗaya daga ciki, maganar ta lalace. Halpin ya yi tanadin gwada irin wannan, a ga ko jimla tana rabuwa biyu ba tare da an yi hasarar wani bayani ba.

Tarkon dala da na tiya

Mu koma ga layin da Inna ta karanta. Ta ce mai fura ta ba da ɗari huɗu. Duk wanda ya girma a kasuwar ƙasar nan ya san dala take nufi, dala ɗaya kuma tamma 5 ce. Ɗari huɗu ke nan 2.000 na sefa, wato jikka 2. Yaron da ya yi lissafinsa duka da Faransanci a makaranta, in ya rubuta 400 cikin gidan da na'ura ke ɗauka da tamma, ya rage ma mai fura kashi 4 cikin 5 na biyanta, ya bar mata ɗaya. Gobe sai rigima tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki lafiya. Maganinsa jimla ɗaya ce da za a karanta tun farko: kowane kuɗi da aka rubuta, da dala ne ko da tamma?

Haka zancen yake ga masu ciniki a bakin iyaka, kamar Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela. Kaya ɗaya ana sayensa da naira a saida shi da sefa, canji kuma yana motsi. In zanen bai da wurin rubuta irin kuɗin da kuma canjin wannan ranar, ribar da na'ura za ta nuna maku ba gaskiya ba ce.

Sai ma'auni. An saba cewa tiyar hatsi ta kai wajen kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma ya ɗauki wajen tiya 40. Amma kun fi kowa sanin cewa tiya ta wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, kuma awo da tozo dabam yake da awo a shafe. Ko ma'aikatan SIMA da ke tattara farashin abinci a kasuwanni sai sun juya ma'aunin gargajiya zuwa kilo kafin su gwada wata kasuwa da wata. Masu albasar Galmi su ma sun san buhu suna ne kawai, akwai babba akwai ƙarami.

Kada ku ce wannan matsalar ƙananan mutane ce. Cikin watan Satumba na 1999 hukumar sararin sama ta Amurka, NASA, ta yi hasarar wani kumbo da ta aika jar duniyar nan da ake kira Mars, wanda ƙera shi ya ci wajen dalar Amurka miliyan 125. Da aka bincika sai aka tarar wani rukunin injiniyoyi yana ba da lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya rukunin kuma yana karɓa a matsayin ma'aunin mita da kilo. Lambobin suna nan daidai, amma ba a tabbatar da ma'aunin da ake nufi ba. Wannan da rikicin dala da tamma duk abu guda ne.

Akwai kuma gyara. Mai saye ya ɗauki tiya 20, kin ƙara mashi rabin tiya don ya dawo gobe. Ba kya rubutawa, don a wurinki ba ciniki ba ne, al'ada ce. Amma na'ura tana ƙidaya abin da ya shigo da abin da ya fita. Ƙarshen wata sai ta nuna buhu guda ya ɓace, ido kuma ya koma kan yaron shago, wanda bai ci ba bai sha ba. Da an tambaya tun farko ko kowane hatsi da ya fita da kuɗi ya fita, da kin tuna da gyara, da zakka, da sadaka, da wanda ake ɗiba a kai gida, da wanda ƙwari suka ɓata.

Asusun mata: «ba ya yiwuwa» da «bai kamata ba»

Cikin 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zubi kowane mako, su ba junansu bashi daga akwati, su raba in zagaye ya cika. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa daga baya. Da yawa cikin ƙungiyoyin farko da ka suke riƙe lissafi, ana faɗa a bainar jama'a kowa na ji, wadda ta ji kuskure ta gyara. In aka duba, abin da Nijssen da Halpin ke nema ke nan: a faɗi magana da baki gaban waɗanda suka san gaskiyarta.

Ranar da za a mai da irin wannan asusu cikin waya, akwai bambanci guda da shugabannin mata ya kamata su riƙe. Dokoki iri biyu ne. Akwai abin da ba ya yiwuwa ko kaɗan, kamar a ce an biya bashi kafin ranar da aka ɗauke shi. Wannan in aka rubuta shi kuskure ne, daidai ne na'ura ta ƙi karɓa. Akwai kuma abin da bai kamata ba amma yana faruwa, kamar ba mace sabon bashi ba ta gama biyan tsoho ba. Doka ta hana, amma in yaronta na kwance asibiti, taro yana iya yarda. In mai zanen ya sa wannan cikin abin da ba ya yiwuwa, na'ura za ta rufe ƙofa, sai mata su koma ba da kuɗi a gefe ba a rubuta ba, daga nan kuma amana ta fara tsagewa. Abin da ya dace shi ne na'ura ta karɓa, ta yi gargaɗi, ta rubuta wa ya ba da izini. Masanan ORM sun raba dokokin nan gida biyu, haka ma wani ma'aunin rubuta dokokin kasuwanci da harshe mai sauƙi da ake kira SBVR, wanda ya fito cikin 2008.

Abin da za ku nema kafin ku biya

In wani ya zo da niyyar yi maku irin wannan aiki, ko ɗanku ne ko ma'aikacin wata ƙungiya, kada ku amsa bisa zanen akwatuna. Ku fito da littafinku na gaske, da tsofaffin rasit, a fara da su. Ku ce ya karanta maku kowace doka da Hausa, jimla ɗaya bayan ɗaya, ku kuma ku amsa da i ko a'a. Kowace doka ya karanto, ku tuna baya ko an taɓa samun ranar da abin bai tafi haka ba. Ku kira yaron shago da dillali da mai ajiyar kuɗi su zauna, don akwai abin da su suka sani ku kun manta. Kalmar da ke da ma'ana biyu, irin su buhu, da bashi, da ajiya, da riba, ku tsaya har ku daidaita abin da kowa ke nufi da ita. In an gama, a rubuta jimlolin a takarda, ku riƙe ɗaya shi ya riƙe ɗaya, don ranar da na'ura ta yi abin da ba ku yarda da shi ba a san inda aka saɓa.

Akwai na'urorin zane da ke juya akwatunan su zama jimloli da kansu, amma galibi da Ingilishi suke fitowa. Akwai kuma sababbin na'urori masu amsa tambaya da suka bazu tun daga 2022, waɗanda ke iya tsara magana mai daɗin ji har da Hausa. Suna rage ma mai zanen wahala, amma ba su san ko mai fura da wake take biya ba. Wannan sai an ji daga bakinku.

Wanda ya ce maku abin ya fi ƙarfin a faɗe shi da Hausa, ku yi hattara da shi, don mai yiwuwa shi ma bai gama fahimtar cinikinku ba. Mai aikin kirki murna yake yi in kuka ce mashi «a'a, ba haka ba ne», saboda ya san gyaran jimla a takarda ya fi sauƙi bisa gyaran lissafin shekara guda. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Zaman yini ɗaya ko biyu ne, da shayi da haƙuri, kafin a ɗora bulo na farko.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi kiyaye mu da asara. Sai mun sake haɗuwa a wannan shafi.